Abin da Na Rubuta a Katin Sammani

Sammani taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. An haife shi a Safana shekara ɗaya bayan haihuwata a Batsari. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara bakwai, Baba ya hau keke ya je da kansa ya ɗauko shi. Har yau ina ganin isowarsu: Baba na tuƙi, wani yaro mai manyan kunnuwa a bayansa rungume da ƙunshin kaya, yana gaida duk wanda suka wuce kamar ya daɗe da saninsa. Kafin sati ya zagayo unguwarmu ta san sunansa. Ni da aka haifa a cikinta, har na yi aure akwai masu kirana ɗan'uwan Sammani.

Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni. Mahaifina, Mani, yana cikin manyan mahautan Batsari a zamaninsa. Ranar da ya fara kai mu kwata mu biyu, aka farke tumbin sa a gabana, na koma gefe na yi amai. Sammani kuwa ya durƙusa ya kama ƙafar san yana tambayar ta ina ake fara zare fata. Da muka dawo gida Baba ya ce wa Inna, “Armaya'u na da kai, Sammani na da hannu.” Aka sa ni makaranta, shi aka ba shi wuƙa. Mutane sun ce ni aka gatanta. Ni dai na san wanda Baba ke tashi da shi da asuba, su dawo tare da hantsi suna dariyar abin da ban sani ba. Da Baba ya zo rasuwa, wuƙarsa da dutsen washinsa Sammani ya miƙa wa. Ni ya ce in riƙe takardun gida.

Na gama makaranta na samu aikin akawu, aka yi ta juya ni ofis-ofis, daga baya aka ajiye ni a wurin da na gudu tun ina yaro, wato kwata. Teburina na ƙarƙashin darbejiya, nesa kaɗan da inda ake yanka. Aikina rajista: kwanan wata, irin dabbar, mai ita, wanda ya feɗe. Akwai layi na ƙarshe da malamin dabbobi ya ce in riƙa cikewa, inda nake rubuta abin da aka gani a jikin dabba in akwai. Shekara goma sha huɗu ina zaune a nan ina kallon Sammani yana aiki.

Kuma abin kallo ne. Sa guda, kafin wani mahaucin ya gama ƙafafu shi ya shimfiɗa kirgi babu huji ko ɗaya. In hannuwansa biyu suka shiga aiki sai ya cije wuƙar a haƙora, kamar yadda Baba ke yi, ya zura hannu har gwiwa ya jawo kayan ciki, bakinsa ɗauke da wuƙa amma sai ya san yadda ya yi wa wani ba'a. Hannuwansa ba sa rabuwa da yanka, sabo a kan tsoho. Matan aure in za su yi aike sai su ce, “Na wajen Sammani.” Fulani in sun shigo kasuwa da dabba shi suke nema, su kawo masa madara da ɗuminta a ƙwarya, ya shanye a tsaye. In ya gama sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

“Akawu, rubuta! Sa ɗaya, gwani ɗaya, ɗan kallo ɗaya!”

A yi ta dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, ni ma sai in ce, “Gwanin wari dai.” Amma tawa ba ta taɓa tayar da dariya irin tasa ba. Gidajenmu katanga ɗaya ta raba. In na dawo na zauna da rediyona, sai in riƙa jiyo shi da matarsa Zuwairatu suna ƙyaƙyata, ban san me ke ba mutum dariya kullum haka ba bayan shekara ashirin da aure.

Da rashin zaman lafiya ya yi tsanani a dajinmu, makiyaya da yawa suka baro rugagensu, suka riƙa kawo shanun da ba za su jure tafiya ba. A cikinsu akwai masu bakkale, ciwon nan da ke sa saniya ɓari ya kumbura mata gwiwa. Sauran mahauta ba su cika son irin waɗannan ba, aikinsu da ƙazanta, sau da yawa a tarar da mataccen ɗa a ciki. Sammani ba ya mayar da kowa. Ya ce mutumin da ya baro gidansa ba a ƙara masa da wulaƙanci a kwata. Nan ma aka yi ta yaba masa.

A watan Yuli na shekarar 2022 zazzaɓi ya fara kama shi. Ya kwanta kwana huɗu ya tashi, bayan sati biyu ya sake dawowa. Gumi ya riƙa jiƙa masa riga, baya da gaɓoɓi suna ciwo. An yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro sau huɗu, na taifot sau biyu, ya sha saiwoyi da na rubutu. Kowane karo sai ya ji sauƙi ya koma kwata, kowane karo kuma ya dawo da ƙasa da ƙarfin da ya tafi da shi. Wajen ƙarshen shekara ya daina zuwa gaba ɗaya. Ƙafafunsa suka kumbura, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango yana haki.

Ranar Litinin, tara ga Janairu, muka kai shi wani babban asibiti a Katsina. Ni aka zaɓa in yi jinya saboda ni ne mai karatu. A tagar yankar kati na tarar da wani akawu irina, mai tsaf da riga da agogo. Ya dube ni ya ce, “Ranka ya daɗe, ma'aikaci ne ko?” Na ce eh, a ƙaramar hukuma. Sai ya miƙo mini takardar da biro ya ce in cike da kaina, tunda na fi shi sanin mai jikin.

Sammani na kan benci a bayana, numfashi da ƙyar, amma bakin bai mutu ba. Ya ce, “Akawu, wajen sana'a ka sa da manyan baƙi. Magajin Mani, wanda ya fi kowa fiɗa daga Batsari har Safana.”

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya, har wata tsohuwa ta ce Allah ya ba shi lafiya. Ni kuwa na duƙa na rubuta: noma.

Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Yana da gona a Darini, kuma a wajenmu duk wanda aka tambaya sana'arsa a ofis noma yake cewa. Amma na san dalilina, kuma biyu ne. Na farko, ban so mai agogon nan ya karanta ya ɗago kai ya gane daga wane gida na fito ba, don na san irin kallon da wasu ke yi wa mahauta. Na biyu ya fi muni. Wannan takardar kaɗai ce wurin da ni ke da iko, kuma ban ga dalilin da zai sa ya zama magajin Mani a cikinta ma ba.

Aka kwantar da shi, aka sa masa bututun iska a hanci. Likitar da ta karɓe shi sunanta Dokta Nazifa, matashiya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Bayan an yi hoton zuciya ta kira ni ta yi mini bayani. Ta ce a cikin zuciya akwai ƙofofi da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. Ƙwayar cuta ta zauna a kan ɗaya daga cikinsu tana cin ta, shi ya sa jini ke komawa baya yana taruwar masa a huhu. In ba a kashe ƙwayar ba, ƙofar za ta ƙarasa lalacewa, kuma ba zai rayu ba. Matsalar ita ce ba su san wace ƙwaya ce ba. Sun ɗebi jini sun ajiye a kwalabe ko za ta tsiro su gane ta, kafin nan za su fara ba shi allurar da aka saba bayarwa.

Kwana biyar, babu abin da ya tsiro. Kwana takwas, zazzaɓin na nan. Kullum da safe likitoci su zagayo, ƙarami a cikinsu ya karanta kati da Turanci: namiji, shekara arba'in da shida, manomi. Sammani ba ya jin Turanci, magana ma ta yi masa wuya, don haka ni ake fuskanta da tambaya. Hannuwansa sun yi wata biyu ba su taɓa jini ba, tabon da ke kansu kowa zai ɗauka na lauje ne. Mahautan da ke zuwa dubiya kuwa cikin kayan Juma'a suke zuwa, da turare.

Kuma suna zuwa. Ban taɓa ganin dubiya irin wannan ba. Mota guda daga Batsari, washegari wata daga Safana, har masu gadi suka san su. Su gaishe ni a tsaye, “Sannu Akawu, ya mai jiki?” su wuce su kewaye gadonsa. Ni da nake kwana a kan tabarma a ƙasa, nake zubar da fo, nake hawa bene da sauka da takardun gwaji, babu wanda ya tambaye ni ya bayana.

A rana ta tara Dokta Nazifa ta tsayar da ni a baranda. Ta ce, “Malam, maganin nan ba ya kama shi. Ka taimake ni da tunani. Ban da noma, akwai wani abu da yake yi? Yana hulɗa da dabbobi?”

Da na buɗe baki a lokacin, da an wuce wurin. Amma faɗin gaskiya na nufin in ce ni na rubuta abin da ba shi ne ba, ni da ake kira mai karatu. Na ce, “'Yan awaki dai a gida, kamar kowa.”

Ta gyaɗa kai ta tafi.

Washegari Laraba na bar Sharhabilu, abokin aikinsa, a wurin jinya, na koma Batsari saboda ranar kasuwa ba a barin rajista. Ranar Alhamis da hantsi malamin dabbobi, Uwaisu, ya zo teburina ya zauna a kan benci yana cire safar hannu. Ya tambayi jikin Sammani, na ba shi labari tun daga zazzaɓin damina mai zuwa yana komawa.

Ya ce, “An gwada shi da bakkale kuwa?”

Na ce, “Bakkale ai ciwon shanu ne.”

“Na shanu ne, amma yana kama mutum. Ta yanka a hannu, ta ruwan mahaifa, ta madarar da ba a tafasa ba. Ballantana mai sa wuƙa a baki. Sau nawa ina yi musu magana suna mini dariya? Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ai shi ne halinsa. Sai dai ba ya fitowa a gwajin da aka saba, sai an neme shi da sunansa.” Ya dube ni. “Ai dai sun san mahauci ne ko?”

Na ce, “Uhm,” na kama gyaran takardu.

Da aka watse na buɗe rajista na koma baya shekara ɗaya da rabi, na bi layin ƙarshe da yatsa. Kumburin gwiwa. Mataccen ɗa a ciki. Mai ita ya ce ta yi ɓari sau biyu. Saniya goma sha bakwai na samu, kuma goma sha huɗu daga cikinsu sunan Sammani ne a gefe, da rubutuna.

Ya kamata in hau mota nan take, akwai sauran rana. Ban hau ba. Juma'a ma ban tafi ba, na ce wa kaina sai na yi sallah tukuna. A masallaci liman ya roƙa masa lafiya da sunansa, amin ɗin da aka amsa har a ƙirjina na ji ta. Na zauna a sahu ina tunanin in ni ne kwance, wa zai tuna ya kai wa liman sunana. Ban so Sammani ya mutu ba, Allah ne shaidata. Abin da na so, shekara da shekaru, shi ne ya ɗan ragu.

Da la'asar Zuwairatu ta aiko a kira ni. Na tsaya a zaure, ta fito da kwanon dambun nama da ta yi masa, idanunta sun kumbura. Ta ce, “Yaya Armaya'u, mu ba mu san komai ba a wannan sha'ani. Duk abin da suka tambaya kai ne bakinmu.” Ta durƙusa ta ajiye kwanon a gabana. Na ɗauka na fita.

Asabar da safe na shiga motar farko da rajistar a cikin jaka. Na yi sa'a Dokta Nazifa ce ke aiki. Na same ta a ɗan ofishinta, na ƙi zama. Na ce mata Sammani ba manomi ba ne, mahauci ne, shekara talatin yana fiɗa. Na ce ni na cike katin, kuma ranar da ta tambaye ni na san gaskiya na ɓoye. Na ce ni ma ɗan mahauci ne. Sannan na buɗe rajistar na ajiye a gabanta.

Ta daɗe tana bin shafukan. Can ta ce, “Wa ke rubuta wannan?”

“Ni.”

“Mutumin da ke rubuta kumburin gwiwar saniya bai tsallake ko ɗaya ba, shi ne ya kasa rubuta sana'ar ɗan'uwansa?” Ba ta jira amsa ba, ta miƙe ta kira nas ta ce a ɗebi jini yanzu.

Ranar Talata sakamako ya fito. Bakkale ne. Aka sauya magani gaba ɗaya, ƙwaya iri biyu da allura kullum. Ta gargaɗe mu cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin za ta mayar da fitsarinsa ja kamar zoɓo, kada mu ɗauka jini ne mu daina. Cikin kwana goma zazzaɓin ya sauka bai sake tashi ba, aka cire bututun hanci. Amma da aka sake hoton zuciya ta ce ƙofar ta riga ta yage, magani zai kashe ƙwayar, ba zai ɗinke fata ba. Sai an buɗe ƙirji an cire ta an sa wata.

Na bi ta waje na tambaye ta ko kwanakin nan da na ɓata su ne suka jawo. Ta ce, “Ban sani ba. Mai yiwuwa ta lalace tun kafin ku zo, wata shida ba kwana shida ba ne. Amma ba zan ce maka ba su yi komai ba.”

Ranar da ta zo yi wa Sammani bayanin aikin, ta ɗauki takarda ta fara zana zuciya. Ya leƙa ya ce, “Likita, wace ƙofar? Wadda ke bakin babbar jijiyar nan mai kauri, mai 'yan fatu uku kamar aljihu? Ko ta ciki mai zaruruwa?”

Ta cire tabarau ta dube shi. “Ta bakin jijiyar.”

“To ai na san ta. In ka zuba ruwa ta sama sai aljihun su cika su haɗe. Na taɓa ganin ta wata tsohuwar saniya duk ta yi tsiro kamar kan kaza.”

“Taka ma haka ta yi.”

“Allah sarki, ashe ni da saniyar nan 'yan'uwa ne.”

Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Suka shafe kusan rabin awa suna hirar zuciya, ta kira ƙananan likitoci su zo su ji. Ni mai takardar shaidar karatu ina tsaye a gefe riƙe da butar shayi.

Sai da ya yi sati bakwai a kan maganin kafin aka tura mu wani asibiti a wata jiha mai nisa inda ake irin wannan tiyata. Aka ce a kawo masu ba da jini. Mahauta goma sha ɗaya suka cika mota suka yi tafiyar yini guda. Na shiga layi tare da su, na naɗe hannun riga. Da aka zo kaina nas ta auna ni sau biyu, ta ce jinina ya hau, ba za a ɗiba ba.

Sharhabilu ya ce, “Ku ƙyale shi, dama na Akawu tawada ce. A sa wa Sammani ya tashi yana neman biro.”

Suka yi dariya suna danne da auduga a hannu. Na koma na zauna. Jinin mutum goma sha ɗaya zai shiga jikin ɗan ƙanwar ubana, babu ɗigon nawa.

Ranar Talata, goma sha huɗu ga Maris, aka shiga da shi ƙarfe takwas na safe. Yana kan gadon da ake turawa ya kamo hannun rigata ya ce, “Akawu, ka ce musu su bi a hankali, kada su huda kirgin.” Muka zauna a ƙarƙashin wata rumfa, muka yi azahar a nan. Wajen ƙarfe biyu da rabi babban likitan ya fito ya ce an cire ƙofar da ta lalace, an kankare wurin, an sa ta ƙarfe, zuciyar ta tashi da kanta. Sharhabilu, ƙaton mutum, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Ni na duba agogo na rubuta lokacin a bayan takardar magani, don ban san me zan yi da hannuna ba.

Bayan ƙaramar sallah muka dawo gida. Aka ce ya ci gaba da ƙwayoyin bakkale wata shida cur, ko ya ji ya warke, don ƙwayar cutar na iya ɓuya ta dawo ta kama sabuwar ƙofar. Ga kuma wata ƙwaya ta tsinka jini da zai riƙa sha kowace yamma har ƙarshen ransa saboda ƙarfen. Wannan ta ƙarshen ita ta raba shi da wuƙa, don yanka kaɗan zai iya zubar masa da jini ya ƙi tsayawa. Ranar da aka gaya masa haka ne kaɗai na ga bai yi ba'a ba. Ya juya fuska bango.

Na zana masa jadawali a kwali na kafa a ɗakinsa, ina shiga safe da yamma ina sa alama. A wata na uku ya ce shi ya gaji, ya warke, cikinsa ya ƙi ƙwayar. Na ce ba zan fita ba sai ya haɗiye. Ya ce, “Kai da Baba ya ce kana da kai, ashe taurinsa yake nufi.” Ya sha. A watan Satumba aka gwada jininsa aka ce an gama da bakkale.

Farkon Oktoba ya fara komawa kwata, ba don fiɗa ba. Mahauta suka ce ya riƙa duba musu dabba kafin su saya, don idonsa ba ya kuskure. Ranar farko aka shimfiɗa masa tabarma, aka kewaye shi, kowa na son ya kara kunne a ƙirjinsa ya ji ƙarfen na ƙas-ƙas. Uwaisu ya samu dama ya raba safar hannu, kuma a ranar babu wanda ya yi masa dariya.

Ana cikin haka Sharhabilu ya ce, “Ni fa akwai abin da ke damuna. Lokacin da na yi jinya na ji nas na cewa an ɓata kwanaki don an rubuta manomi a katinka. Wa ya rubuta haka?”

Kowa ya san wanda ya cike katin. Ina zaune a teburina, biro a hannu. Na buɗe baki, Sammani ya riga ni.

“Ni na ce ya rubuta. Na ga 'yan birni da yawa a kan benci, na ce bari in yi ƙarya ko wata hajiya za ta ƙyasa. Ya ce kada a yi, na matsa masa. Kuma ba don littafin nan nasa ba, da yanzu kuna rabon wuƙaƙena.”

Aka fashe da dariya. Sharhabilu ya ce ashe ja'irin shi ya so kashe kansa, ya juyo ya ce, “Akawu, ka yafe ni, na zarge ka.” Wasu suka zo suka ba ni hannu. Ban taɓa samun gaisuwa irin ta ranar a kwata ba, kuma ita ma shi ya ba ni.

Da la'asar muka tako gida tare, a hankali saboda shi. Muka zauna a dakalin ƙofar gidansa. Na ce, “Yaushe ka sani?”

“Tun a asibiti. Ba na jin Turanci, amma kalma ɗaya kullum da safe, ai dole in tambayi na gadon kusa da ni me take nufi. Lokacin ban san tana da wani amfani ba, na ce Akawu ne da halinsa.”

“Kuma ka san ba haka aka yi ba, yadda ka faɗa musu.”

“Na sani mana.”

“To me ya sa?”

Ya miƙe ƙafa yana sosa tabon ƙirjinsa ta cikin riga. “Kai taubashina ne. In za a ci mutuncinka ni zan ci, ba Sharhabilu ba. Kuma zan ci, kada ka ɗauka ka tsira, sai dai mu biyu.”

Na dube shi. An tsaga ƙirjinsa, an raba shi da sana'arsa, ya rame har kunnuwan sun ƙara fitowa, kuma ya yafe abin da, da ni aka yi wa, da ban yafe ba, cikin sauƙi, kamar ya kori ƙuda. Na nemi inda zan ga ya ragu ban samu ba. Na so in ce ya yafe mini, na so in yi godiya. Abin da ya fito daga bakina shi ne ko ya sha ƙwayar yamma.

Ya ce bai sha ba.

Na tashi na shiga zaure na ɗebo masa ruwa.